Baƙon da ya yi laifi a Birtaniya: shin doka ta yarda a tasa ƙeyarsa?

Mutum ya shiga da biza, kotu ta same shi da laifi. Ana iya korarsa?

Ƙwarai kuwa. Biza izini ce aka ba ka, kuma wanda ya bayar yana da ikon janyewa. Dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1971 ta ba Sakataren Cikin Gida ikon korar baƙo idan ya ga tafiyarsa ta fi zamansa alheri ga jama'a. Dokar kan iyaka ta 2007 ta ƙara tsauri: baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, wajibi ne a fitar da takardar korarsa, sai dai idan ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe. Daga cikinsu akwai wanda bai kai shekara 18 ba ranar da aka same shi da laifin.

Ya gama zaman kaso, sannan a kore shi. Ba hukunci biyu ke nan ba?

A wurin lauyoyi a'a, domin kora mataki ne na hukumar shige da fice, ɗauri kuma hukuncin alƙali ne. A aikace kuwa abin da ciwo. Ɗan ƙasa da baƙo za su yi laifi iri ɗaya, ɗaya ya fito ya koma gidansa, ɗayan a kai shi filin jirgi da 'yar jakarsa, idan ɗalibi ne karatu ya tsaya, kuɗin makarantar da iyaye suka sayar da gona suka biya sun tafi, kuma ba dama ya sake shiga muddin takardar tana aiki. Ni dai ba na ganin laifin ƙasa don ta kare mutanenta, amma dole a saurare shi tukuna. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a, a sashe na 13, ta tanadi cewa baƙon da ya shiga ta halal ba a korarsa sai bisa doka, kuma a ba shi damar kawo hujjarsa.

Idan yana da mata da 'ya'ya a can fa?

Nan ake kai ruwa rana a kotu. Sashe na 8 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai yana kare zaman iyali, sai dai gyaran da aka yi wa dokar Birtaniya a 2014 ya ƙuntata ƙofar. Sai ya nuna cewa korar za ta jefa matar ko yaron cikin ƙunci mai tsanani, kuma idan ɗaurin ya kai shekara 4, hakan ma bai isa ba. Ɗalibi ko mai ziyara ya fi kowa rauni a nan, saboda an umarci alƙalai kada su ba da nauyi sosai ga rayuwar da mutum ya gina alhali ya san zamansa na wucin gadi ne.

Akwai wanda ba a iya kora ko me ya aikata?

Akwai: wanda ake da hujjar cewa za a azabtar da shi idan ya koma. A 1996 kotun Turai da ke Strasbourg ta hana Birtaniya mayar da Chahal, wani mabiyin addinin Sikh, ƙasar Indiya, duk da gwamnati ta ce barazana ne ga tsaro. Kotun ta ce haramcin azabtarwa ba ya da togaciya.

Wanda aka kama, me ya kamata ya fara yi?

Ya nemi lauyan da ya san harkar shige da fice kafin ya amsa laifi, domin bambancin wata 11 da wata 12 na iya yanke makomarsa. Yana kuma da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, bisa yarjejeniyar Vienna ta 1963.