Waiwaye: yadda tashin Yesu daga matattu ya zama tushen bangaskiyar Kirista

Mu nan Arewa in ka ga yadda ake kashe kuɗi lokacin Kirsimeti, ɗinki da shinkafa da kaji da tafiya ƙauye, sai ka ɗauka shi ne babban idin Kirista, to amma a tarihi ba haka abin yake ba. Shaida mafi tsufa da ake da ita ta bikin Kirsimeti ran 25 ga Disamba daga Roma ta fito, ta shekarar 336, alhali ita Ista, idin tashin Yesu daga matattu, tun a ƙarni na 2 har rigima bishop-bishop suke yi a kan ranar da za a yi ta. Markus da Yohanna ma ko labarin haihuwar Yesu ba su kawo ba, amma duk Bisharun nan huɗu sai da suka kai mu bakin kabarin da aka tarar babu kowa ciki.

Sai mutum ya fara gane abin da gicciye yake a wancan zamanin kafin ya gane dalili. Yanzu dai muna rataya shi a wuya, muna kafa shi a saman majami'a, amma a wurin Romawa hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, kuma ba abin mamaki ba ne ko kaɗan, a shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu mutum wajen 6,000 suka gicciye a bakin hanyar shiga Roma bayan tawayen bayi na Sifatakus. Su kuma Yahudawa ga Maimaitawar Shari'a 21:23 tana cewa wanda aka rataye a bisa itace la'ananne ne. Saboda haka da Bilatus, gwamnan Yahudiya daga 26 zuwa 36, ya ba da Yesu a gicciye shi, a idon kowa magana ta ƙare kenan. An saba gani ai. Gamaliyal, malamin Attaura, da kansa ya tuna wa majalisar Yahudawa labarin Tudas da na Yahuza Bagalile, kowannensu ya tara jama'a, aka kashe shi, mabiya suka watse. Almajirai biyun nan da ke tafiya Imuwasu ma abin da suka ce kenan, dā muna sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila, wato sun riga sun cire rai.

Ba wai maganar tashin matattu baƙuwa ce ga Yahudawa ba fa. Daniyel sura 12 ya yi ta, Farisiyawa sun yarda da ita, Sadukiyawa ne suka ce babu. Sai dai abin da ake jira shi ne kowa da kowa ya tashi tare a ranar ƙarshe, kamar yadda Marta ta faɗa a kan ɗan'uwanta Li'azaru. Abin da ba wanda ya zata shi ne a ce mutum ɗaya ya riga kowa tashi, duniya tana nan yadda take, Bilatus yana kan kujerarsa, ana ci gaba da karɓar haraji.

Rubutu mafi tsufa da ya zauna ya warware maganar nan shi ne 1 Korintiyawa sura 15, wanda Manzo Bulus ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 54, kusan shekara 25 kenan ko ƙasa da haka bayan gicciyen, kuma shi ma cewa ya yi karɓa ya yi ya miƙa musu, wato kalmomin sun girmi wasiƙar: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, aka binne shi, aka tashe shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas wato Bitrus, da almajirai sha biyun, da 'yan'uwa sama da 500 a lokaci ɗaya waɗanda yawancinsu suna raye lokacin da yake rubutun, da Yakubu, sannan shi Bulus a ƙarshe. Abin da ya jawo surar kuwa wasu ne a cikin ikkilisiyar Koranti suke cewa babu tashin matattu. Helenawa ne, wato Girkawa, an rene su da tunanin cewa jiki kurkuku ne, rai ya fita ya huta shi ne riba, to me za a yi da komawa cikin jiki? A Atina ma da Bulus ya kawo zancen dariya wasu suka yi masa. Amsar da ya ba Korintiyawa babu lallashi a ciki, ya ce in ba a ta da Almasihu ba wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku banza ce, har yanzu kuna cikin zunubanku, waɗanda suka mutu suna dogara gare shi sun hallaka, mu kuma mun fi kowa zama abin tausayi.

A nan ne maganar ceto ta shigo. Kowa zai iya cewa zai mutu domin wasu, to wa zai tabbatar Allah ya karɓa? A koyarwar Bulus tashin shi ne amsar Allah a kan hukuncin da mutane suka yanke, shi ya sa a Romawa 4:25 ya haɗa biyun, an ba da shi domin laifofinmu, an tashe shi domin a baratar da mu. Ya kuma kira Yesu nunan fari, kuma duk wanda ya taɓa noman gero ya san wannan, ranar da aka karyo zangarniyar farko aka gasa tumu ba a cika rumbu ba tukuna, amma an san sauran gonar tana tafe.

Masu musu ba su jira ba. Tun cikin Matiyu 28 an kawo jita-jitar cewa almajirai ne suka sace gawar da dare. Wajen shekara ta 178 wani masanin Helenawa mai suna Selsus ya yi ba'a cewa wai shaidar farko ma mace ce mai ruɗewa, yana nufin Maryamu Magadaliya, sai bayan kusan shekara 70 Orijin, wani malamin Kirista, ya zauna ya ba shi amsa. Ni dai a ganina wannan ba'ar ta fi taimakon Kirista, domin mai ƙirƙiro labari a zamanin da ba a ɗauki shaidar mata da nauyi ba da wuya ya sa mata a gaba. Rigimar da ta fi zafi ma daga cikin gida ta taso, wasu suka ce ai Yesu bai da jiki na ainihi, kama ce kawai. Ignatiyus bishop na Antakiya, ana tafe da shi a ɗaure za a kashe shi a Roma wajen 110, ya rubuta wa ikkilisiyar Simirna cewa Yesu yana cikin jiki ko bayan tashinsa, ya ci ya sha tare da almajiransa.

Wannan bangaskiyar tashin ce ta sa mutanen da suka tashi da kiyaye Asabar suka koma taruwa ran Lahadi. Jastin Shahidi, wani marubucin Kirista, ya faɗi haka ƙarara a Roma wajen 155. Ranar Ista kuwa ikkilisiyoyin Asiya sun riƙe 14 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa, daidai da Idin Ƙetarewa, Roma ta ce dole Lahadi, har Bishop Fikta na Roma ya nemi ya yanke zumunci da su wajen 190. Babban taron bishop-bishop na Nikiya a 325 ya nemi a haɗa kai, kuma shahadar bangaskiyarsa ta ce ya tashi a rana ta uku, na Kustantiniya a 381 ya ƙara cewa muna sauraron tashin matattu. Haɗin kan ranar dai bai ɗore ba, tunda aka sauya kalanda a 1582 'yan Otodoks suka tsaya a kan tsohuwar, sai jefi-jefi ake dacewa kamar 20 ga Afrilu 2025.

Turai ta sake tono musun daga baya, ta bakin wasu masanan Jamus. Raimarus ya dawo da zancen satar gawa a rubutun da aka buga bayan mutuwarsa tsakanin 1774 da 1778, Shitiraus a 1835 ya ce tatsuniya ce da ta girma a bakin mabiya, Bultman a 1941 ya ce abin da ya tashi shi ne bangaskiyar almajirai. Gaskiya wannan na ƙarshen ya fi daɗin ji a ajin tauhidi, amma kusan shi ne abin da Bulus ya riga ya ƙi a Koranti, kuma ban ga yadda fasto zai tsaya a bakin kabari, ana zuba ƙasa zumuntar mata suna waƙa, ya gaya wa gwauruwa haka ba.

Mu kuma da muke zaune gida ɗaya kasuwa ɗaya da 'yan'uwa Musulmi, ya kamata a san inda aka haɗu da inda aka rabu, don sau da yawa gardamar Facebook ba a kan gaɓar take ba. Tashin ƙiyama da jiki da tsayuwa gaban shari'ar Allah duka ɓangarorin biyu sun yarda da su. Rabuwar tana kan gicciye ne, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba su kashe Annabi Isa ba, ba su kuma gicciye shi ba, aya ta gaba ta ce Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Wanda bai yarda an yi mutuwar ran Juma'a ba, zancen tashi ran Lahadi bai ma taso masa ba.