Dabba Tana Bin Kiɗa Kuwa? Tambayoyi da Amsoshi

Da gaske dabbobi suna rawa?

Kaɗan daga cikinsu. Motsa jiki don an ji ƙara daban, bin bugun kiɗa daban.

Macijin da ake yi wa busa fa?

Motsin sarewar yake bi da ido. Ku daina kawo shi misali.

Akuna yana gyaɗa kai in na kunna waƙa. Ta yaya zan san bin kiɗan yake yi?

Wannan ita ce tambayar kirki, amma kada ka yi gaggawar murna. Da farko ka ɓoye, domin sau da yawa kai yake kallo: kana rausayawa ba ka sani ba, shi kuwa yana kwaikwayonka. Ajiye waya ta ɗauke shi bidiyo. Sannan ka ƙara wa waƙar sauri, ka rage. In ya sauya tare da ita, to, akwai magana. Haka masanin kimiyya Aniruddh Patel da abokan aikinsa suka gwada Snowball, wani aku mai tukku a Amurka, suka fitar da sakamakon a 2009. Ko shi ma ba kullum yake dacewa ba; yakan kama bugun na ɗan lokaci, ya saki, ya sake kamawa. Ka kuma lura: kan yana sauka daidai da bugun, ko sai bayan ya ji shi? Mai bin kiɗa hasashen bugun yake yi kafin ya iso. Duk da haka, gwaji ɗaya ba hujja ba ne, ana iya dacewa bisa sa'a. In naka bai yi ba, kwantar da hankalinka, lafiyarsa ƙalau. Don Allah kada ka takura masa da ƙara.

Me ya sa aku, ba kare ba?

Patel ya ce sirrin yana cikin iya kwaikwayon murya, wanda ke haɗa kunne da motsi a ƙwaƙwalwa. Sai ga Ronan, wata zakanyar teku (dabbar ruwa mai shayarwa) a Kalifoniya, wadda binciken da aka fitar a 2013 ya nuna ta koyi bin bugu, alhali ba a san jinsinta da kwaikwayon murya ba. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Mu fa, koyo muka yi?

Wani bincike daban na 2009 ya nuna ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa tana lura in an tsallake bugu. Sarewar ƙashi da aka tono a Jamus kuwa ta kai shekara kusan 40,000, wato kiɗa ya daɗe tare da mu.