Waiwaye: Yadda na'urorin jirgin sama ke gane GPS ya kauce hanya

Jirgin alhazai da ya tashi daga filin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina zuwa Jidda ko Madina yana nufar Gabas ta Tsakiya ne, yankin da matuƙa ke yawan kukan ana dagula musu siginar GPS. Abin da ke kai shi lafiya tsohon tsari ne: ba a son barin GPS ya ba da shaida shi kaɗai.

Sojojin Amurka ne suka gina GPS, tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya a 1983, mutum 269 suka rasu, Shugaba Reagan ya ce za a bar farar hula su yi amfani da shi. An kammala tsarin da taurarin ɗan'adam 24 a 1995, amma da gangan ake gurɓata siginar farar hula, kuskure ya kai mita 100, har Shugaba Clinton ya dakatar da hakan a Mayun 2000.

Rashin tabbas kan siginar taurarin ne ya haifar da tantancewar da ake kira RAIM. Taurari huɗu sun isa a fitar da wuri da tsayi da lokaci. Idan akwai na biyar, na'ura na iya gane cewa ɗaya na faɗin abin da bai dace da na sauran ba. Sai da na shida take iya nuna mai laifin ta cire shi. In ba su kai haka ba, sai ta kunna gargaɗi, matuƙi ya koma kan tashoshin rediyo na ƙasa, VOR da DME, da na'urar da ke lissafa wuri daga motsin jirgin kansa. Ita wannan ba mai iya toshe ta daga waje, sai dai tana zamewa kamar mil ɗaya zuwa biyu na teku duk awa.

Tsayi ne ya fi rikita masu koyo. Kuskuren GPS a tsayi ya kan kusa ninka na wuri, domin taurarin duk a sama suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashi. Jirage na amfani ne da ma'aunin matsin iska wajen raba tsayi a tsakaninsu, kuma kowa na saita shi a lamba ɗaya, 1013.25, idan an yi sama. Shi ma yana da nasa kuskuren: an gina shi kan iska mai zafin digiri 15 a bakin teku, kuma kowane ƙarin digiri 10 na sa shi rage kusan kashi 4 cikin 100 na ainihin tsayin. A zafin Afrilu na Katsina, in ma'aunin ya ce ka hau mita 1,000 daga ƙasa, GPS zai ce wajen 1,100. Babu wanda ya lalace a cikinsu.

Masu gasar jirage marasa inji sun fi kowa tsananta wannan. Da can hoton mahaɗa, wato wurin da dole ɗan gasa ya isa kafin ya juya, ake ɗauka da kyamara a matsayin hujja. Daga 1995 hukumarsu ta duniya, IGC, ta amince da na'urar rikodi. Kowane layi a fayil ɗin da na'urar ke rubutawa na ɗauke da lokaci, wuri, tsayi biyu, na iska da na GPS, sai harafi guda: A idan an samu cikakken wuri, V idan bai cika ba. Manhajar lissafin maki ba ta karɓar layin V a matsayin hujjar isa mahaɗa. Ɗigon wurin da ya yi tsallen kilomita biyar cikin daƙiƙa ɗaya watsar da shi ake yi. Idan GPS ya ɗauke, layin matsin iska na ci gaba, shi ke nuna matuƙin bai sauka ba. A ƙarshen fayil akwai hatimin lambobi da ke tona asirin wanda ya taɓa ko harafi ɗaya.

A nan arewa muna da wata matsalar ta halitta: bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Satumba, saman sararin samaniya kan hargitse ya sa siginar rawa, na'ura ta yi ta sakin taurari.

Duk wannan an gina shi ne kan zaton GPS zai yi shiru ko tauraro ɗaya ya yi kuskure. Daga Satumban 2023 matuƙa a kusa da iyakar Iraƙi da Iran suka fara ba da rahoton siginar bogi, mai kwaikwayon ta taurarin. A nan duka shaidun bakinsu ɗaya a kan ƙarya, RAIM ba ta ganin saɓani. Agogon jirgi ya canza, na'urar gargaɗin tsauni ta yi ta ihu alhali ana can ƙololuwa. Matakin da matuƙa ke ɗauka shi ne cire GPS daga kwamfutar hanya tun kafin shiga yankin, dogaro da DME, da neman hasumiya ta tabbatar musu da wuri ta rada.

A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu ta Estoniya na wata guda, saboda saukar filin ta dogara da GPS kaɗai. Hukumar NAMA, mai kula da na'urorin filayenmu, ya kamata ta riƙa gyara tashoshin ƙasa da gwada su a kan kari, ko da kuɗin ya yi nauyi.