Manufofin kiwon lafiya da cin zarafi a iyalan 'yan asalin Ostiraliya

A Ostiraliya, yawan kwantar da matan Aborijin da na tsibiran Torres a asibiti saboda dukan cikin gida ya ninka na sauran matan ƙasar fiye da sau 30. Shi ya sa ake ɗaukar lamarin a matsayin matsalar kiwon lafiya, ba ta 'yan sanda kaɗai ba. Buri na 13 na yarjejeniyar Closing the Gap ta 2020, wadda gwamnatocin ƙasar suka ƙulla da ƙungiyoyin 'yan asalin don cike giɓin da ke tsakaninsu da sauran 'yan ƙasa, shi ne a rage cin zarafin mata da yara da aƙalla rabi zuwa 2031.

Kaso mai yawa na aikin yana wuyan asibitocin da al'ummar 'yan asalin ke gudanarwa da kanta. An buɗe na farko a Redfern ta birnin Sidni a 1971, yanzu sun haura 140 a ƙarƙashin NACCHO, uwar ƙungiyar irin waɗannan asibitoci ta ƙasa. A wajen awon ciki, ungozoma kan keɓe mace, a sallami miji da dangi, sannan ta tambaye ta ko akwai wanda take tsoro a gida. In ta amsa, sai a rubuta raunukan dalla-dalla, a shirya inda za ta fake, a haɗa ta da lauya.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsoro. Daga wajajen 1910 zuwa shekarun 1970 hukuma ta riƙa raba yaran Aborijin da iyayensu, kuma har yau uwa kan yi shiru gudun kada a ɗauke mata 'ya'ya. A yankin Northern Territory, tun 2009 doka ta tilasta wa kowane baligi, har da ma'aikacin jinya, ya sanar da 'yan sanda duk mummunan raunin da dukan cikin gida ya jawo. Manufar kyakkyawa ce, amma tana iya sa mace ta ɓoye ciwonta. A ƙaramin ƙauye kuma, mai duba ta yana iya zama ɗan'uwan mijin.

Batun giya ya nuna bambancin dokar da aka ɗora wa mutane da wadda suka nema. A 2007 gwamnatin tarayya ta kafa dokokin gaggawa a Northern Territory, ciki har da hana giya a yankunan Aborijin, ba tare da isasshiyar shawara ba, har ta dakatar da dokar hana wariyar launin fata ta 1975, abin da ya bar ƙullin da bai warware ba. A shekarar ce kuma matan Aborijin na Fitzroy Crossing, wani ƙaramin gari a jihar Yammacin Ostiraliya, bisa jagorancin June Oscar da Emily Carter, suka nema da bakinsu aka hana sayar da giyar da ƙarfinta ya wuce kashi 2.7 cikin ɗari don tafiya da ita gida, kuma masu zuwa asibiti da raunukan da giya ta haddasa suka ragu.