Ciwon sha-raɓa yayin tafiya ba sanyin Jos ba ne

A Jos, da dattijo ya ce sha-raɓarsa na ɗaurewa in ya hau tudu, sai a ce sanyi ne, a miƙo masa man zafi. Sau da yawa kuwa hanyar jini ce ta tsuke. Kitse ya taru a bangon jijiyar da ke kai jini ƙafa, galibi saboda taba, ciwon suga ko hawan jini. Shi ya sa ciwon kan zo da tafiya, ya lafa bayan 'yan mintoci da tsayawa, ko rana na ƙwalla.

Likita kan rubuta maganin cilostazol, miligiram 100 sau biyu a rana, rabin awa kafin abinci ko awa biyu bayansa. Yana sassauta jijiyar, ya rage dunƙulewar jini, amma ba ya wanke kitsen, kuma amfaninsa kan iya kai mako 12 kafin ya bayyana. Mai gazawar zuciya ba ya shan sa sam, don haka karɓar ragowar na maƙwabci ganganci ne.

Zaman gida ma ba gata ba ne. Ana so mai ciwon sha-raɓar ya yi tafiya har ciwon ya taso, ya huta, ya ci gaba, aƙalla minti 30 sau uku a mako, ya kuma rabu da taba.