Hawan jini ba yawan jini ba ne

Kwanan nan da wuya ka saurari shirin siyasa a rediyo ba ka ji wani sojan baka ya ce nasarar maigidansa ta "sa wa 'yan adawa hawan jini" ba. A wurinsu kalmar tana nufin takaici. Wannan da sauƙi, siyasa ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da ta samu a ƙauyukanmu, wai jini ne ya yi wa mutum yawa.

Wata ranar kasuwa, ta wajen Ringim, na tarar da wani dattijo a gindin darbejiya, wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗan nan, a asibiti aka ce jinina ya hau, shi ne na zo a rage." In ka bi sunan, ai bai yi laifi ba. Ni dai a ganina sunan ne ya cuce mu.

Duk mai noman rani ya san mesar ban-ruwa. Ka danne bakinta da yatsa, ruwan bai ƙaru ba, amma ƙarfinsa ya ƙaru, inji yana ta gurnani, ranar da mesar ta gaji sai ta fashe. Zuciya ce injin, jijiyoyi su ne mesar. Idan suka ƙanƙance ko suka sandare, zuciya na turawa da wahala, kuma da awo kaɗai ake ganewa: 140 bisa 90 ko sama, an maimaita a ranaku daban-daban. Ƙaho ba ya buɗe jijiya. Fashewar jijiya ko toshewarta a ƙwaƙwalwa ita ke kawo shanyewar ɓarin jiki da muke ɗora wa iskokai.

Masu cewa ciwon Alhazan birni ne su ma su sake tunani. Manomi yana motsa jiki, gaskiya ne, amma akwai gado, akwai tsufa, akwai taba. Ga kuma tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan. To, a lissafa gishirin miyar kuka, da dunƙulen da ake marmasawa a ciki, da na yaji, da kanwa, wadda ita ma dangin gishirin ce.

Hukumar ta ce sama da mutum biliyan ɗaya ke da ciwon a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba, don galibi ba ciwon kai, ba jiri. Dattijon nan an ba shi ƙwayoyi. Ya ce ya sha na mako biyu, ya ji garau, sai ya ajiye sauran a aljihun babbar riga, sai ranar da jinin ya sake taruwa.