Waiwaye: Yaushe sunayen makaɗan jitar Sudan suka ɓace?

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gardamar tsofaffin waƙoƙin Sudan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a zaurukan WhatsApp na mutanenmu Hausawan Sudan, daga Gadarif da Kasala har zuwa waɗanda gudun hijira ya kai Alƙahira da Jidda. Da zarar wani ya turo hoton tsohon kundin waƙa da aka sake bugawa a Turai, sai zaure ya kacame. Wasu su ce baƙi ne ke cin gumin iyayenmu. Wasu su ce ba don baƙin ba, da tuni ƙura ta binne waƙoƙin. Kashi na uku kuma su ɗora komai a kan yaƙi, tunda ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda babbar taskar sauti take, ya shafe watanni a tsakiyar fagen fama. Kowa yana magana kamar a 2023 matsalar ta faɗo daga sama. Amma ka tsayar da mai zafin cikinsu ka tambaye shi: a waƙar nan da kake kare wa haƙƙi, wa ya kaɗa ganga, wa ya riƙe jitar bas, wa ya zauna gaban na'ura ya ɗauki sautin? Ba zai amsa ba. Kuma rashin amsar nan ya girmi yaƙin da fiye da shekara 40.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. An buɗe Rediyon Omdurman a 1940. A 1942 muryar A'isha Falatiya, 'yar Hausawan Kasala, ta fara fita ta cikinsa, a zamanin da ganin mace gaban makirfo abin magana ne, 'yar'uwarta Jidawiya kuma tana kaɗa mata udu, molon Larabawa. Bayan 'yancin kai na 1956 birnin Khartum ya cika da kulob-kulob da otal-otal masu kiɗan dare. Nan jitar lantarki ta shigo, tare da ganguna irin na Turawa da saksafon, aka gauraya kiɗan rok da na Kwango da na baƙaƙen Amurka da salon gida, jama'a suka kira abin jaz. Sharhabil Ahmad, haifaffen Omdurman a 1935, mai zanen hotuna a mujallar yara, shi ya zama sarkin wannan fage, matarsa Zakiyya tana kaɗa jita a ƙungiyarsa. Ga mawaƙi Kamal Keila, ga ƙungiyar makaɗa ta Aƙarib. Wannan duk mai son waƙar Sudan ya haddace.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a daidai shekarun nan kiɗan rok a Ingila da Amurka ya koma sana'ar kundi. Kundi kuwa ba waƙoƙi kawai ba ne, har da kwalin da aka saka faifan a ciki, kuma kwalin takarda ce mai ɗauke da shaida. Kada a ɗauka can ɗin adalci ne zalla. A Los Angeles akwai makaɗan haya irin su Hal Blaine mai ganga da Carol Kaye mai bas, waɗanda suka yi aiki a kundin Pet Sounds na Beach Boys a 1966 ba tare da sunansu ya fito a kwali ba. Sai dai ƙungiyar ƙwadagon makaɗa tana da takardar yarjejeniya ta kowane zama a situdiyo, da rana da wuri da sunan duk wanda ya halarta, shi ya sa daga baya masu bincike suka iya fito da su ɗaya bayan ɗaya. Haka Clare Torry, wadda ta rera wani sashe a kundin Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon, aka biya ta fam 30. Ta shigar da ƙara a 2004, aka sasanta a 2005, aka sa sunanta cikin waɗanda suka ƙirƙiri waƙar. Ta iya tsayawa ne saboda tun 1973 sunanta yana jikin kwali, ba wanda zai ce muryar ba tata ba ce. Har injiniyan sautin, Alan Parsons, an rubuta shi.

Mu a nan ba mu samu wannan al'adar ta kafu ba. Mawaƙan farko sai sun je Alƙahira suke ɗaukar faifai. Daga baya yawancin ɗauka a situdiyon rediyo ake yi, don a watsa wa masu sauraro, ba don a kai kasuwa ba. An ɗan fara buga ƙananan faya-fayi a shekarun 1970, kamfanin Munsphone na Khartum ya fitar da wasu. Kundin Aƙarib da mawaƙi Saif Abubakar, Jazz, Jazz, Jazz, a Kuwait ya fito a 1980. Wato dai sana'ar kundi tana rarrafe, tana neman miƙewa. A wannan gaɓar ne abin da nake ganin shi ne asalin matsalar ya iso, kuma bai zo da doka ko bindiga ba. A cikin kayan matafiya ya zo.

Bayan tashin farashin mai na 1973, dubban 'yan Sudan suka kwarara Saudiyya da ƙasashen Gulf neman aiki: malaman makaranta, direbobi, akawu, magina. Mutanenmu ma ba a bar su a baya ba, ga kuma alhazai da ke bi ta Port Sudan zuwa Jidda. Mai dawowa hutu ba ya shigowa gida hannu rabbana, kuma babu tsarabar da ta kai rikoda daraja. Da farko mai baki ɗaya ce. Daga baya aka samu mai baki biyu, wadda za ka saka kaset mai waƙa a gefe guda, fanko a ɗaya gefen, ka danna, ka samu biyu. Cikin 'yan shekaru babu kasuwar da ba ta da rumfar mai kaset, daga Omdurman har Wad Madani da Sinnar da Damazin.

A duba yadda ciniki yake a rumfar nan, domin a nan komai ya sauya. Mai saye ba ya cewa a ba shi kundi kaza. Cewa yake a zuba masa waƙa uku na wane, biyu na wane, a cike ragowar da duk abin da ke tashe. Mai rumfa ya haɗa, ya ɗauki biro ya rubuta sunan mawaƙi a ɗan siririn layin da ke jikin kaset, in wuri ya rage ya ƙara sunan waƙa ɗaya. Layin nan bai fi tsawon yatsa ba. Ina mai ganga zai shiga? Ina mai saksafon, balle wanda ya ja waya ya daidaita makirfo? Waƙar da aka ɗauko daga rediyo ma, akan datse muryar mai gabatarwa don kada ta ci zare, alhali a bakinsa ne ake jin sunan marubucin baitoci da wanda ya yi karin waƙar. Sannan kaset ɗin da aka kwafa shi ma a kwafe shi, na biyu ya haifi na uku, sauti yana dusashewa, bayani yana raguwa, har a kai inda ba a san shekarar da aka yi waƙar ba.

Ba mugunta ce ta sa mai rumfa ya yi haka ba, kuma ba na ganin laifinsa ya fi na mu masu saye. Abin da muka nema ya ba mu. Kaset na asali mai hoto da rubutu ya fi tsada, na rumfa kuwa araha ne kuma zaɓinka ne a ciki. Muka zaɓi araha, kamar mai sayen hatsi a mudu wanda bai damu da gonar da aka noma shi ba. Amma sakamakon ya wuce batun suna. Duk mai kuɗin da zai yi tunanin ɗaukar makaɗa takwas ya kai su situdiyo, ya biya injiniya, ya biya mai hoto da mai ɗab'i, ya san kwafi ɗaya kawai kasuwa take buƙata daga gare shi, sauran rumfuna za su ƙarasa. To wa zai zuba dukiyarsa? Kamfanonin kaset da suka taso daga baya sun fi karkata ga mawaƙin da sunansa kaɗai zai sayar, hotonsa ya cika bango. Ƙungiya a matsayin ƙungiya, irin yadda masu rok suka san ta, mutum huɗu ko biyar da kowa ya san kayan da kowannensu yake riƙe, ba ta samu wurin zama a wannan ciniki ba.

Daga nan kaset ya zama talla kawai, kuɗi kuma ya koma gidan biki. Mawaƙi ya yi suna ta rumfa, a gayyace shi ɗaurin aure, a biya shi, shi kuma ya sallami makaɗa a daren, hannu da hannu, babu takarda. Makaɗi ya zama ɗan ƙodago: yau yana bayan wannan, gobe yana bayan wancan. Da ogan ɗin lantarki ya yawaita a ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1990, mai ɗauke da sautin ganga da bas da kayan busa a cikin akwati guda, sai lissafi ya ƙara sauƙi ga mai biki. Me zai sa ya ciyar da mutum goma, ya yi hayar motar kaya, alhali mutum biyu za su raya masa dare? Masu busa da masu jita da yawa suka ajiye kaya, wasu suka kama tuƙi, wasu suka bi sahun masu tafiya Gulf. 'Yan ɗaukar kaya da masu haɗa lasifika, waɗanda dama ba a taɓa kiran sunansu ba, suka watse ba wanda ya ƙirga su.

Na san za a ce na tsallake 1983, lokacin da dokokin Satumba, wato dokokin shari'a da gwamnati ta kafa, suka rufe wuraren kiɗan dare, da shekarun 1990 da aka ƙayyade tashin biki zuwa ƙarfe 11 na dare, manyan mawaƙa irin su Muhammad Wardi suna zaune a waje. Ban tsallake ba. Waɗannan sun rage wa makaɗa wurin aiki ƙwarai, kuma an yi rubutu a kansu har an gaji. Abin da nake cewa shi ne, sun tarar da sana'ar ba ta da rajista. Ƙasar da ta saba rubuta sunan makaɗi, ko an rufe kulob sunan yana nan a kwali cikin gidajen mutane. Dokar kare haƙƙin mallaka ta 1996, wadda ta ambaci haƙƙin masu gabatar da aikin fasaha, ta zo ne bayan kasuwa ta yi shekara kusan 20 tana tafiya a kan kwafi.

Akwai kuma wani dalili da ya sa mu Hausawan Sudan ba mu ji zafin abin da wuri ba. Kaset ɗin da muka fi saurare a Mai Wurno da unguwanninmu na Gadarif, na Shata da Ɗan Maraya Jos da makamantansu da ke zuwa ta hannun alhazai da fatake, ba su buƙatar kwali sosai. Mawaƙin Hausa sau da yawa yakan kira makaɗinsa ko ɗan amshinsa a tsakiyar waƙa, ya zuga shi, ya ambaci garinsu. Shaidar tana cikin sautin, duk inda aka kwafa ta bi. Kiɗan jita ba haka yake ba. Mai saksafon zai yi minti biyu yana busa abin da shi ne ran waƙar, ba wanda zai ce uffan game da shi. Muka auna wannan da ma'aunin wancan, muka ɗauka ba abin da ya ɓace.

Adalci ne a faɗi cewa kwafin da ya share sunaye shi ne kuma ya tsare waƙoƙin. Ta hanyarsa waƙar Sudan ta kai Injamena da Kano da Asmara da Jibuti, har ta zama ta gida a wuraren da ba a jin Larabci. Yau da ake fargabar halin da taskar Omdurman take ciki, kaset ɗin da ke cikin akwatunan mutane a ƙasashe daban-daban ya zama abin dogaro. Sai dai ɗabi'ar ba ta mutu tare da kaset ba. Rumfar ta koma ta masu tura waƙa a memori, daga nan ta koma YouTube, inda za ka ga waƙa an rubuta mata “tsohuwar waƙar Sudan” kawai, wannan karon har sunan mawaƙin ya bi na makaɗan.

Kamfanonin waje da ake ta gardama a kansu a wannan filin suka shigo. Habibi Funk na Barlin ya sake fitar da kundin Aƙarib a 2018, ya fitar da na Kamal Keila, Muslims and Christians, a shekarar, daga zaren ɗaukar rediyo da mawaƙin ya adana da kansa, sannan na Sharhabil a 2020. Ostinato na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙin Sudan shi ma a 2018. Ko me mutum zai ce game da farashin faya-fayan a Turai, suna zuwa da ɗan littafi mai hira da hotuna, irin takardar da ya kamata a ce mun rubuta tun 1975. Kuma bayanin da ke ciki daga bakin dattawan da suka rage aka samo shi, daga abin da suka iya tunawa.

Masu neman a biya iyalan makaɗa suna da hujja, amma biya sai da suna. Kamfani, na gida ko na waje, da mawaƙi ko magadansa yake zama, domin su ne aka sani. Jikan mai gangar da ya yi wa waƙar kiɗa yana iya kasancewa a sansanin 'yan gudun hijira a gabashin Chadi ko a ɗakin haya a Alƙahira, waƙar tana cikin wayarsa, ba shi da takarda ko ɗaya da za ta nuna kakansa ya shiga situdiyon. Waɗanda za su iya tsaya masa shaida, abokan aikin kakan, yawancinsu sun haura shekara 70, kuma yaƙi ya raba su gari-gari.